Me ya sa ɗalibai Nufawa ke cakuɗa he da she? Bambancin wakilin suna a Turanci da Nufanci

Tambaya: Ni malamar Turanci ce, Bahaushiya, ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare a yankin Bida, kuma yawancin ɗalibaina Nufawa ne. Yaro zai kawo miki jadawalin wakilin suna da ka, babu kuskure ko ɗaya, amma da zarar ya fara ba da labari sai mahaifiyarsa ta koma *he*, ƙanensa ya koma *she*. Ina bambancin yake tsakanin harsunan biyu, kuma ta ina zan ɓullo wa abin?

Amsa: Malama, jadawalin kam sun iya shi, shi ya sa ƙara musu haddarsa ba zai canja komai ba. Matsalar tana can inda magana ke fitowa. Kafin mai Turanci ya furta wakilin suna na mutum na uku, sai ya yanke hukunci kan abu biyu cikin ƙiftawar ido: wanda ake magana a kansa namiji ne, mace ce, ko abu ne, sannan wane aiki yake yi a cikin jimlar. Nufanci bai taɓa neman Banufe ya yanke ko ɗaya daga cikin hukuncin nan biyu ba. Yaron da ya shekara goma sha biyu yana magana ba tare da su ba, idan ya natsu a jarrabawa zai tuna, idan labari ya ɗauke masa hankali kuwa bakinsa zai riga tunaninsa.

Wakilan suna na Nufanci shida ne. *Mi* shi ne ni, *wo* kai ko ke, *wun* shi ko ita, *yi* mu, *ye* ku, *a* su. Biyar na farko suna da gajeruwar siga da ake ji a tsakiyar magana: *n*, *o*, *u*, *i*, *e*. Cikakkiyar sigar ita ke zuwa idan kalmar ta tsaya ita kaɗai ko ana son a ƙarfafa ta, gajeruwar kuma tana jingina da kalmar da ke kusa da ita. Abin da tsarin ya damu da shi biyu ne kawai, wato mutum na nawa ne, kuma tilo ne ko jam'i. Jinsi bai shigo ba sam.

Ki ɗauki *wun* ɗin nan, da gajeruwarsa *u*. A Turanci, kalmomi takwas ne ke raba aikinsa: *he, him, his, she, her, hers, it, its*. Jimlar *Wun ba nakàn* tana nufin ya yanka nama, tana kuma nufin ta yanka nama, kuma babu Banufen da zai ji ta da gibi, domin abin da aka faɗa a baya ya riga ya nuna wa ake nufi. *Egi u* kuwa, a Hausa sai mun zaɓi ɗaya cikin huɗu kafin mu fassara shi: ɗansa, ɗanta, 'yarsa, 'yarta. Idan ana so a fayyace, sai a kawo kalmar namiji ko mace a fili, ko a ambaci suna. Kin san wannan al'amari tun kafin ki shiga aji, domin shi ne kike ji a kasuwar Bida ko Minna idan wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ne ya ce "matata ya tafi kasuwa". Abin da ke faruwa da Hausarsa shi ke faruwa da Turancin ɗalibinki.

Sai dai kuskuren jinsi ba iri ɗaya ba ne, kuma maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Ki karɓi littattafan insha'i na aji guda, ki ja layi ƙarƙashin kowane *he, she, his, her*, za ki ga sun kasu uku.

Akwai yaron da ya riƙe *he* ya mai da shi *wun*. Kowa *he* ne a wurinsa, har kakarsa. Wannan ya fi sauƙin gyara, domin tsari yake bi, kalma ɗaya ce kawai bai buɗe wa ƙofa ba. Akwai wanda yake farawa daidai, jimla biyu ko uku, sannan ya ɓace. Wannan ya san ƙa'idar, riƙe ta tare da zaren labari ne ke gagararsa, kuma za ki lura kuskurensa na ƙaruwa daidai inda labarin ya yi zafi. Na ukun shi ne mai wuyar sha'ani, kuma malamai da yawa ba sa gane shi: yaron da ke zaɓar *his* ko *her* bisa ga kalmar da ke biye. Zai rubuta *Musa loves her mother* saboda uwa mace ce, ya rubuta *Aisha called his brother* saboda ɗan'uwa namiji ne. Wannan yaro ba cikin duhu yake harbi ba. Ya fahimci cewa Turanci na kula da jinsi, sai ya ɗora jinsin a kan abin da aka mallaka maimakon mai mallakar. Idan kika yi masa jan biro kawai kika wuce, gobe ma haka zai yi, domin a ganinsa ƙa'ida ya bi.

A nan Hausarki za ta yi miki rana, tunda yawancin yaran yankin suna jin Hausa ko da sama-sama ne. Ki rubuta "uwarsa" da "ɗan'uwanta" a allo, ki raba kowace gida biyu. A "uwarsa", harafin r na uwa ne, sa kuma na Musa. A "ɗan'uwanta", n na ɗan'uwa ne, ta kuma na A'isha. Turanci ya jefar da kashin farko ya riƙe na biyu kawai. *His* shi ne sa, *her* shi ne ta, kuma kullum baya suke kallo, wajen mai abu.

Amma gadar Hausa tana da inda take karyewa, gara ki san wurin. Hausa ba ta da *it*. Mota ita ce, gida shi ne, don haka yaron da kika koya wa cewa ita daidai take da *she* zai iya kawo miki *I bought a car and she is red*. Banufe da bai bi ta Hausa ba kuskurensa a nan daban ne, zai fi kiran akuya ko tebur da *he*. Ki ware *it* ki koyar da shi a matsayin gida na uku mai zaman kansa: duk abin da ba mutum ba, sai dabbar da aka san jinsinta kuma aka damu da ita.

Bambanci na biyu shi ne aikin kalma a jimla. *Mi* ba ya sauya kama saboda aikin da yake yi a jimla. *Mi ba nakàn*, na yanka nama. *Musa yà mi èwò*, Musa ya ba ni riga. *Egi mi*, ɗana ko 'yata. Gurbin da kalmar ta zauna shi ke nuna aikinta: gaban aikatau mai aikatawa ce, bayan aikatau karɓau ce, bayan suna mai mallaka ce. Turanci yana amfani da gurbi shi ma, amma bai tsaya nan ba, sai ya sauya kalmar kanta, *I, me, my*. Ga kuma wani tsautsayi: *mi* na Nufanci da *me* na Turanci kusan sauti ɗaya ne kuma ma'anarsu ta yi kusa, ga Turancin buroka da ke cewa *me I no know*. Yaro yana da dalilai biyu na fara jimla da *me*. Haka kuma mallaka tana juya masa tsari, domin a Nufanci mai abu yana bayan abin, kamar dai a Hausa, a Turanci kuwa *my* ke gaba. Wannan juyin ba ya daɗewa yana ba su wahala. Wanda ke daɗewa shi ne *mine, yours, hers, ours, theirs*. Nufanci yana gina irin wannan ma'ana da ƙaramar kalmar mallaka *nyá* a gaban wakilin suna, kamar yadda muke cewa na Musa, nawa, naka. Shi ya sa *my own* da *your own* suka fi zama a bakinsu, ga shi kuma haka kowa ke faɗa a titi. Ba laifi ba ne a hira. A rubutun jarrabawa dai *this book is mine* ake so, kuma *this book is my* ko *mine book* duk faɗuwa ne.

Jadawalin Turancin kansa ma yana da tarko biyu da ya kamata a nuna wa yara ƙarara. *Her* yana aiki biyu, karɓau da mallaka: *I saw her*, *her bag*. *His* ma yana aiki biyu, amma ba irin na *her* ba: *his bag*, *the bag is his*. Yaro mai kaifin basira zai yi ƙiyasi ya ce tunda *I saw her* daidai ne, to *I saw his* ma daidai ne. Layin maza da na mata ba su tafi kafaɗa da kafaɗa ba, kuma ba kowane littafin aji ke faɗin haka ba.

Yanzu ga abin da na fi so ki ba wa muhimmanci, domin ba a cika kawo shi cikin darasin nahawu ba alhali rabin matsalar a nan take. Kalmomin Nufanci da wasali suke ƙarewa. Harafin n da kike gani a ƙarshen *wun* ko *nakàn* ba baƙi ba ne da ake furtawa, alama ce cewa wasalin ta hanci yake fita. To ina Turanci ya ajiye bambancin wakilan sunansa? A baƙin ƙarshe. *He, him, his*, babban abin da ya raba su shi ne m da z. *It* da *its*, *her* da *hers*, *your* da *yours*, *their* da *theirs*, *they* da *them*, duk a wutsiya bambancin yake. Kunnen da bai saba jiran baƙi a ƙarshen kalma ba yana iya jin *he* da *him* da *his* a matsayin abu guda, bakin kuma ya fitar da su abu guda. Sau da yawa yaron da kike zaton bai san nahawu ba, ji ne bai ji ba. Gwajin mai sauƙi ne. Ki yi musu shifta ta jimloli goma gajeru, irin *give him his book*, *it is hers*, *tell them*, *the dog ate its food*, da saurin magana na yau da kullum, ba tare da kin ja ƙarshen kalma ba. Sannan ki ba su jimlolin nan a rubuce da gurbi su cike. Wanda ya ci na rubutu ya faɗi shifta, kunnensa za a yi wa aiki. Wanda ya faɗi duka biyun, shi ne mai buƙatar a koma masa kan ƙa'ida. Daga wannan tushe ne kuma rikicin *his* da *he's* yake fitowa a rubutu, har da *its* da *it's*, kodayake wannan na biyun har 'ya'yan Turawa yana kayar da su.

Akwai wuri guda da Nufanci ya fi Turanci fayyacewa, wato mutum na biyu. *Wo* mutum ɗaya ne, *ye* jama'a. Turancin da can yana da wannan bambanci, *thou* na tilo da *ye* na jam'i, daga baya *you* ya haɗiye su duka. Kamannin *ye* ɗin nan da na Nufanci katari ne kawai, babu dangantaka. Ɗalibi yana jin *you* bai cika ba idan da mutane da yawa yake, sai ya ƙara *you people*. Ki gaya musu cewa a kunnen mai Turanci na wata ƙasa wannan yana iya zama kamar tsawa ko raini, *all of you* ko *both of you* sun fi lafiya. Kuma *you* ko na mutum ɗaya ne *are* yake ɗauka. Wuri ɗaya da bambancin ya rage shi ne *yourself* da *yourselves*, kuma wannan ba ya ba Banufe wahala da zarar an ce masa na farko na *wo* ne, na biyu na *ye*.

Aikatau na Nufanci ba ya sauyawa saboda wakilin suna. *Mi è ba nakàn*, ina yanka nama, *wun è ba nakàn*, yana ko tana yanka nama, *è* da *ba* suna nan yadda suke. Don haka *am, is, are* da s ɗin *he cuts* ƙarin kaya ne, kuma s ɗin nan ma baƙin ƙarshe ne, kin ga ya haɗa matsala biyu. Kada ki koyar da *he* shi kaɗai. Ki koyar da *he is, he has, he goes* a dunƙule.

Wasu kurakuran kuma ana ɗora wa Nufanci su alhali ba nasa ba ne. *My father he is a farmer* misali ne. Nufanci yana cewa *Musa ba nakàn* kai tsaye, babu wakilin suna tsakanin Musa da aikatau. Hausa ce ke tilasta "Musa ya yanka", da "ya" a tsakiya. Idan kin ga wannan a littafin yaro, ki duba ko ta Hausa yake bi kafin ya iso Turanci. Haka ma *the boy that I gave him money*, wanda ya yi daidai da "yaron da na ba shi kuɗi" kalma bayan kalma. Inda Nufanci ke da hannu shi ne tambaya mai jimla cikin jimla. Ana cewa *Zě Gana gàn gànán u ba nakàn o?*, wato wa Gana ya ce ya yanka nama, kuma *u* ɗin nan dole ne ya zauna bayan *gànán*, wato "cewa". Turanci kuwa yana zubar da *that* da *he* duka: *Who did Gana say cut the meat?* Ɗalibi zai rubuta *Who did Gana say that he cut the meat?* kuma Hausa za ta mara masa baya. Wannan na manyan aji ne, kada ki tayar da shi a aji ɗaya.

Jimlar dangantaka ma haka. Nufanci yana kewaye ta da *na* a farko da *na* a ƙarshe: *bagi na ba nakàn na*, mutumin da ya yanka nama, *nakàn na Musa ba na*, naman da Musa ya yanka. Kalma ɗaya ce ga mutum da abu, kamar "da" ɗinmu. *Who, whom, which, whose* kuwa sun sake dawo da tambayoyin nan biyu na farko, mutum ne ko abu, kuma wane aiki yake yi. Shi ya sa *the man which came* ke yawa. A matakin farko ki bar su da *who* ga mutum, *which* ga abu, *whom* ya jira. Sai kuma *they* da ba a san ko su wa ba ne, irin *they have stolen my pen*. Nufanci yana amfani da *a* a inda mu muke cewa "an sace". Jimlar ba ta karya nahawu ba, amma mai Turanci zai tambaya su wa, domin shi *my pen has been stolen* zai ce.

Game da yadda za ki tsara aikin, shawarata ita ce minti goma a farkon kowane darasi, da baki, har tsawon zango guda, ya fi darasi biyu cikakku da za a yi a manta. Mako biyu na farko *he* da *she* kawai, a gurbin mai aikatawa. Ki manna hoton namiji a dama da allo, na mace a hagu, ki riƙa nunawa da sauri suna ba da jimla, *she is cooking, he is running*, kina sauya hannu ba tare da tsari ba don kada su haddace bi da bi. Saurin shi ne maganin, domin a natse sun riga sun iya. Mako na uku da na huɗu *his* da *her*, kuma ki cika atisayen da haɗin da ya saɓa: *his mother, his sister, his wife, her father, her brother, her husband*. Idan kika ba su *his brother* da *her sister* kawai, yaro na ukun nan zai ci duka ba tare da ya gyaru ba. Bayan nan *him* da *her*, tare da shiftar baƙin ƙarshe sau biyu a mako. *It* da *its* su biyo, *mine* da 'yan'uwansa a ƙarshe.

Daga mako na biyar ki shigo da labarin sarƙa: mutum biyu a labarin, namiji da mace, kowane ɗalibi ya ƙara jimla ɗaya, kuma an hana maimaita suna bayan jimlar farko. Dole a hana, domin dabarar da yara ke yi idan sun gane ana kama su ita ce su daina amfani da wakilin suna gaba ɗaya, sai ki ga Musa, Musa, Musa sau bakwai a sakin layi ɗaya. Idan yaro ya yi kuskure kada ki ba shi amsa, ki tambaye shi da mamaki, "wa? Musa?", ya gyara da kansa. A rubutu kuma, kafin su miƙa insha'i, kowa ya zagaye wakilan sunansa ya ja kibiya daga kowanne zuwa sunan da yake wakilta. Kibiyar da ta tashi daga *her* ta sauka kan Musa, yaron da kansa zai gan ta. Wadda ta rasa inda za ta sauka kuwa ta tona wata matsalar, wato wakilin suna marar uba.

Za ki ci karo da *they* na mutum ɗaya, irin *somebody left their bag*. Turanci ne karɓaɓɓe, amma kada ki buɗe musu wannan ƙofa yanzu, za su mai da ita mafakar guje wa *he* da *she*.

Idan kuma ke ce kika ce bari ki koyi Nufancin don ki ji abin da suke ji, wakilan sunan ba za su ɗauke ki kwana biyu ba, karin sauti ne zai tsayar da ke. Hausa tana da karin sama da na ƙasa da mai faɗuwa, Nufanci yana da na tsakiya kuma, kuma ƙananan kalmomin nahawu da shi suke rabuwa. *A ba nakàn*, da karin tsakiya, sun yanka nama. *Musa à ba nakàn*, da karin ƙasa, Musa zai yanka nama. *Musa á nakàn ba*, da karin sama, Musa ya riga ya yanka naman, kuma ki lura nama ya dawo gaban aikatau. *Musa ba nakàn à*, da *à* a ƙarshe, Musa bai yanka nama ba. A rubutun yau da kullum ba a cika sa alamomin karin ba, don haka sai ki sa ɗaya daga cikin ɗaliban ya furta miki huɗun a jere, ki maimaita, su gyara miki.